Goggo da Makauniyar Kwana

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Ba wautar yarinta kawai nake nufi ba, wannan kowa ya yi tasa. Har da ta girma, bayan furfura ta cinye gemu, yara suna durƙusa mini suna cewa Baba. Na ga gara in rubuta shi da kaina, da 'yar bokon da na tsinta kafin in tsere daga aji huɗu, domin in na bari matata ta ba da shi, ba zan ƙara iya fita ƙofar gida ba.

Ƙanshi ne ya tayar mini da maganar. Kwanakin baya aka rushe wata tsohuwar katangar ƙasa a bayan layinmu za a sa bulo, sai ruwa ya sauko a kan ɓaraguzan. Ina zaune sai iska ta kawo mini shi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa. Duk wanda ya tashi a gidan magini ya san wannan ƙanshi, a jikin rigar ubansa ya fara jin sa.

Babanmu magini ne. Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Katsina, suka zo Mubi da kaya, garin ya yi musu, suka kwance. Shi bai ɗauki fatauci ba, laka ya ɗauka. Gidaje da yawa a unguwarmu ta wajen Kolere hannunsa ne, kuma ko ba a gaya maka ba kana iya gane su, ba daga zaure ba, ba daga soro ba, daga kwana. Ya kan ce ɗaki kowa na iya tayar da shi, amma inda katanga biyu suka haɗu a bakin hanya, nan ake sanin ko mutum yana tunanin mutane. Ba ya barin kwanarsa da kaifi. Sai ya janye katangar ciki kaɗan, ya lanƙwasa ta, ya shafe ta da tafin hannu har ta yi sumul kamar gindin ƙwarya. Mai gida ya yi ta ƙorafi an ci masa fili, Baba ya yi kamar bai ji ba. A gindin kwanar kuma sai ya dasa ƙaton dutse, don jaki mai kaya ko saniya mai ƙaiƙayi su goga jikinsu a dutsen su bar masa katanga.

Duwatsun nan wani maƙwabcinmu ke kawo masa su, mutumin duwatsun Michika, Kirista, mai fasa dutse. Ɗansa sa'ana ne, tare muka yi rarrafe. Ni ina ce masa ɗan mai dutse, shi yana ce mini ɗan magini, har yau ban ji ya kira sunana na yanka ba.

Gidanmu a kan kwana yake, inda layinmu ya faɗa babbar hanya. Baba ya zagaye kwanar da dakali, ta yadda wanda ya zauna a tsakiya yana ganin hanyoyin biyu. Nan dattawan unguwa ke wuni. Da rani inuwa suke bi: da safe suna ɓangaren yamma, rana na karkata sai ka ga sun fara jan buzu suna matsawa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da hira ta yanke ba, har la'asar ta same su a ɓangaren gabas. Akwai tsoho mai goro da ke fesa wa kayansa ruwa da baki, akwai ladan, akwai wani mahauci mai ido ɗaya. Mai dutse yana zama a ƙarshen dakalin da tabarsa a kunci, in an tashi salla shi ke kore awaki daga buzayen. Da damina kuwa, in hadari ya taso daga kan duwatsu, indararo na fara zuba sai su dunguma cikin zaurenmu, mu yara mu tsaya a bakin ƙofa muna kallon lungu ya zama mayo, wato kogi da Fulatanci, yana tafe da kara da takalman mutane.

A wajen dattawan nan na koyi cewa kwana iri biyu ce. Akwai mai ido, irin ta Baba, wadda tun daga nesa kana hango mai zuwa. Akwai kuma makauniya, inda katangu suka yi tsawo, lungu ya matse, ba ka ganin kowa sai kun yi gaba da gaba. Ita makauniyar kwana tana da dokarta, kuma ba sarki ne ya sa ta ba. Ba a shan ta shiru. Namiji ya yi gyaran murya, mai jaki ya daki mangala da sanda, mace ta ce gafara. Da haka mai tulu ba ta fasa tulunta, matar aure ta samu ta ja mayafi, wanda ya tsuguna a gindin katanga ya samu ya miƙe. Wanda ya sha kwana shiru, to ko ɓarawo ne ko marar tarbiyya.

Ba wanda ya riƙe dokar nan kamar Goggo, autar su Baba. Mijinta ya rasu tana da ƙuruciya, ta dawo gidanmu, ta ƙi sake aure, ta mai da mu sana'arta. Gajeruwa ce, amma Allah ya ba ta murya kamar an ɗauko ta mutum uku an haɗa mata. In ta doso kwana sai ta ja numfashi ta saki: "Gafara dai, masu hanya!" Kaji su watse, jarirai su farka, dattawan dakali su ce Goggo ta fito.

Wata ranar kasuwar shanu aka aike ni sayen daddawa. Na haɗu da ɗan mai dutse muka sa tsere, shi ya bi babbar hanya, ni na yanke ta lungun bayan gidan marina. Akwai makauniyar kwana a can, na sani sarai, amma na ga in na tsaya gyaran murya zai riga ni. Na sha ta a guje.

Abin da na fara gani hanci ne, jiƙaƙƙe, baƙi. Jan bijimi ne irin na Bororo, ana jan sa zuwa kasuwa, mutum ɗaya riƙe da igiyar wuya, ɗaya da ta ƙafa. Ya firgita, na firgita, amma shi yana da ƙaho. Ya sunkuyar da kai ya kawo, na manne da katanga, ƙahonin suka nutse cikin ƙasar katangar, ɗaya ta damana ɗaya ta haguna, ni a tsakiya. Faɗin ƙahonsa ne ya cece ni. Ina jin hucinsa mai zafi a cikina, yawunsa na zuba a ƙafata, ƙasa na zubo mini cikin wuyan riga. Masu shanun suna ihu da Fulatanci suna ja, shi yana kaɗa kai, duk kaɗawa katangar na girgiza a bayana. Ban yi kuka ba. Ba jarunta ba ce, muryar ce ta tafi. Da aka janye shi, wandona ya riga ya ba da nasa labarin.

Na zaci za a rarrashe ni. Goggo ta zo, ta dudduba ni ta ga ba jini, sai ta kama kunnena. Ta mai da ni baya ta ce in sake shan kwanar, ba da gyaran muryar maza ba tunda ban kai namiji ba, da gafarar mata. Na sha, ta ce ba ta ji ba. Na sake, ta ce a ƙara. Yara suka cika lungun suna faɗuwa don dariya. Ɗan mai dutse ya fi kowa, har yana dukan ƙasa, sai ta miƙa ɗaya hannun ta kama nasa kunnen. Wajen jan kunne Goggo ba ta san ɗan masallaci da ɗan coci ba. Mu biyu muka yi ta zagaya kwanar nan muna cewa gafara dai masu hanya, har ta gaji da tsayuwa.

Shekaru suka tafi, Baba ya rasu, dattawan dakali suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, muka wayi gari mu ne a kan buzayen. Ban gaji laka ba, ƙusa da kwano nake sayarwa, amma a duba gini a kushe, wannan na gada cikakke. Bayan an yanka mana jihar Adamawa garin ya kumbura. Ɗalibai suka cika shi, 'yan kasuwa suka yi ta zuwa daga Kamaru da Chadi, kowace kwana ta zama shago. Bulo kuwa ba ya lanƙwasuwa, kuma ba mai yarda a ci masa ko taƙi ɗaya, sai kowa ya turo gininsa har bakin kwata ya tsayar da shi da kaifi kamar wuƙa. Katangu suka yi sama aka dasa musu fasassun kwalabe. Mai shayi ya kafa tebur, mai faci ya baje taya, 'yan acaɓa suka yi layi. Kwanoni masu ido suka makance ɗaya bayan ɗaya, hon ya gaje gyaran murya. Goggo kaɗai ba ta san an canza ba. Kunnenta ya toshe, idonta ya yi hazo, ƙafafu suka fara ƙin ta, amma murya ba abin da ya taɓa ta, sai ma ƙaruwa da ta yi tunda ba ta jin kanta.

Sai shekarun tsoro suka zo. Da farko labari ne daga Borno, muna ji a rediyo muna cewa Allah ya kyauta. Daga baya aka fara a garinmu. Babur zai sha kwana da mutum biyu, na baya ya ɗaga riga ya zaro bindiga, kafin a ce me ke faruwa an bar mutum kwance. A lokacin na gane abin da Baba bai taɓa tunani ba: wurin da ke ganin hanya biyu, daga hanya biyu ake ganin sa. Dakalinmu ya zama na awaki. Sojoji suka tara buhunan yashi a mararraba, in za ka wuce sai ka ɗaga hannu sama. Aka hana babura, keke mai ƙafa uku ya shigo. Mu kuma muka koyi sabuwar doka, ita ma ba wanda ya sa ta: kada a ji ka. In ka zo kwana ka tsaya, ka manne da bango, ka leƙa da ido ɗaya. Ko sunan mutanen ba ma kira, sai mu ce yaran nan, muna waige.

Ranar da yaran nan suka shigo garin gaba ɗaya, ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai tana jiran yanka. Tun safe muke jin harbi daga nesa kamar ana daka, kafin rana ta take ya zama kamar ana yayyaga kwano a kan rufinmu. Na leƙa daga zaure na ga babbar hanya ta cika da mutane, kowa da abin da hannunsa ya kai, wata da yaro a baya da yaro a kafaɗa, wani da akuya, wani da takalmi ɗaya. Na tura matata da 'ya'ya da jikoki suka bi ayari zuwa wajen iyakar Kamaru. Goggo ba ta iya tafiya, mota kuma ko da kuɗinka babu. Matata ta tsaya a ƙofa tana kuka, na yi mata tsawa irin ta maza na ce ta wuce. Tana ba da baya na garƙame ƙofa na koma wajen Goggo.

Muka zauna ni da Goggo a ƙuryar ɗaki, ban san iya kwanakin ba, sun narke cikin juna. Ban taɓa sanin Mubi na iya yin shiru ba. Ba hon, ba injin niƙa, ba kukan yara, sai karnuka, sai ƙarar babura jefi jefi, sai wata murya a lasifika tana cewa kowa ya fito ya buɗe shago ba abin da za a yi masa. Wuta ma sai na rufe ƙofa nake hurawa don kada a ga hayaƙi. Wata safiya na ji ana dukan ƙofar wani gida a layinmu da gindin bindiga, aka yi ta duka har ta ɓalle, sai muryar namiji tana roƙo, sai abin da ya biyo baya. Goggo ba ta ji komai ba, tana jan carbi tana tambayata me ya sa kunun yau ba tsamiya. A nan na san in muka ƙara zama, ƙofarmu na kan layi.

Akwai baron da nake ɗaukar buhunan siminti da shi. Na wanke shi, na shimfiɗa tabarma da matasai, na ɗura wa ƙafarsa man gyaɗa har ya daina kuka. Na tsara komai kamar babban hafsa. Za mu fita bayan azahar, lokacin da na lura zafi na kora su inuwa. Za mu bi lunguna har mu gangara mayo, mu haye, mu kama hanyar Muchalla ta wajen iyaka. Na sa doguwar riga, na naɗa rawani, na taje gemu, wai in mun haɗu da su su ga tsohon malami su ji kunya. Sannan na rufe ƙofa da taga, na sa baki a kunnen Goggo na yi mata bayani da iya ƙarfina: yau ba gafara, ba magana, ko tari ya zo ta haɗiye. Ta gyaɗa kai ta ce ta ji, ai ita ba yarinya ba ce.

Muka fito ta ƙofar baya. Lungu fayau, ƙofofi a buɗe, tukunya a kife, wani zane a ƙasa iska na juya shi. Ina tura baron a duƙe, ina taka ƙasa kamar mai tafiya kan ƙwai. Muka doso kwana ta farko, makauniya. Na rage tafiya zan leƙa, sai na ga kafaɗun Goggo sun ɗaga tana jan numfashi.

"Gafara dai, masu hanya!"

A garin da ko kaza ba ta kuka, muryar nan ta bugi katanga ta dawo, ta sake tafiya. Na tsaya ina jiran ƙarar babur. Ba abin da ya zo. Na sunkuya na yi mata raɗa, don Allah Goggo, don Annabi. Ta juyo ta ce, da ƙarfi, "Me ka ce?" Ka ga inda Allah ya ajiye ni. In na yi raɗa ba ta ji, in kuma zan sa ta yi shiru sai na fi ta ihu.

A kwana ta gaba ta sake. Na laluba aljihu na sami ɓarin goro na tura mata a baki, ita da ba ta da haƙori ko ɗaya, na ce ko tsotsa ta ɗauke mata hankali. Ta tura shi kunci ta ajiye, muna isa wata kwanar ta saki muryarta, goron bai ko motsa ba. Zufa ta jiƙe rawanina. Na fara yi wa kaina addu'ar da ake yi wa mamaci.

Dole sai mun tsallaka babbar hanya a wuri ɗaya, kuma lungun da ke fita can yana ƙarewa ne a jikin wani tsohon gida da Baba ya gina. Kwanar tana nan yadda ya bar ta, a lanƙwashe, da dutsenta. Tun daga nesa na hango hanyar, na kuma hango babura biyu suna tahowa a hankali, bindigogi a rataye, fuskoki a naɗe. Na ja baron baya na durƙusa a gindin dutsen, na rufe ido, ina jiran Goggo ta ƙarasa mu. Ba ta ce uffan ba. Ƙarar ta matso har ina jin warin fetur, ɗayansu yana dariya, muryar yaro ce ƙarami da bai kai jikana ba. Suka wuce. Kada ka ce dabara ta yi, ba ta ma san sun wuce ba. Wannan kwana mai ido ce, ba a yi mata gafara, shi ke nan. Na tura baron muka tsallaka, a tsakiyar hanya akwai wani kwance da kwandon tumatir a watse kusa da shi, ban duba fuskarsa ba don kada in san shi.

Saura kwana ɗaya mu gangara mayo. Sabuwar unguwa ce, katangar bulo doguwa ta dama, ta hagu kuma wani kango da ba a gama ba. Kwanar kaifi gare ta, makauniya ta gaske. Rana tana bayanmu, inuwata ta miƙe a gabana, rawani da gemu da duka, har ta riga ni shan kwanar. Na ce a raina mun zo har nan, ba zan bari tsohuwar nan ta kashe mu a bakin ruwa ba. Da na ga kafaɗunta sun ɗaga, sai na saki hannun baro ɗaya na toshe mata baki da tafina.

Ban taɓa sa wa Goggo hannu ba sai ranar. Baron ya karkata zai kife, na tare shi da gwiwa, ita kuma ta datse mini yatsa da dasashi, ta fizge kai, ta tofar da goron. Fushi ya haɗu da muryar.

"Gafara dai, masu hanya! Ga tsohuwa, ga marar kunya yana tura ta!"

Sai daga bayan kwanar, kusa sosai, kusa har ina jin numfashinsa, wata murya ta ce, "Goggo?"

Ya fito a hankali. Ɗan mai dutse ne, tsoho kamar ni, malamin firamare mai ritaya, ba riga, idanu jajur. Gatari ne a hannunsa, ya ɗaga shi sama da hannu biyu, kuma ya kasa sauke shi. Yana kallona, yana kallon rawanina, leɓɓansa na motsi. A cikin kangon na hango matarsa da surukarsa da jariri a ƙirji, an toshe masa baki da nono. Tun ranar farko suke ɓoye a wurin, su Kiristoci da in an kama su ba tambaya. Ya ji ƙafar baro a kan tsakuwa, ya ga inuwar mai rawani tana raɓowa a duƙe, ba sallama ba tari. Ya manne da bango ya yanke shawara, duk kan da ya fara leƙowa zai raba shi biyu, abin da zai faru ya faru. Ni kuma sabuwar dokata ita ce in leƙa da kai.

"Ɗan magini," ya ce, "kai ne? Me ya sa kana tafiya kamar ɓarawo?"

Na ajiye baron. Na zauna a ƙasa. Shi ma ya zame jikin bango ya zauna, gatarin a cinyarsa, ya fara kuka kamar yaro, yana cewa saura kaɗan, saura kaɗan.

Goggo ta karkata kai tana ƙifta ido. "Wane ne wannan? Ɗan mai dutse? Ina uwarka, au, ta rasu. To ajiye abin nan ka zo ka kama mini baro, wannan ya kusa kifar da ni."

Haka muka gangara, shi da hannun baro ɗaya ni da ɗaya, mata a baya. Ruwan mayo ya kai mana cinya, muka ɗaga baron sama da Goggo a ciki tana ba da umarni, jaririn bai yi kuka ba har muka haye. A cikin gonakin dawa muka sami wasu masu gudu, muka bi sawunsu zuwa Muchalla, daga can aka taimaka mana har inda iyalina suke. A duk tafiyar ni da shi ba mu yi maganar gatarin ba. Har yau ma ba mu yi ba. In mun haɗu sai ya dafa kaina ya ce yana nan dai, in ce yana nan.

Da aka ƙwato garin muka dawo. Shagona an kwashe, nasa gidan an ƙone, dakalinmu kuwa yana nan, sai 'yan ramukan harsashi a katanga da na ƙi shafewa. Yanzu an koma zama a kwana, mai shayi ya dawo, 'yan keke sun yi layi, amma ka lura da yadda muke zama: ba mai ba hanya baya, kuma in baƙuwar fuska ta tsaya sai hira ta yi sanyi. Gine gine sai ƙara tsawo suke, ƙofofi na ƙarfe, waya mai ƙaya a sama. Yaran yanzu suna shan kwana da abin sauraro a kunne, ba su jin kowa, ba su son a ji su. Ni dai duk makauniyar kwanar da na dosa sai na yi gyaran murya, har matata ta sayo mini maganin tari.

Goggo ta ƙara shekara biyu ko uku kafin Allah ya karɓi abarsa. A watannin farko na dawowarmu gidan ba ya rabuwa da masu zuwa barka, kowa yana son jin yadda muka fita. Ni kuwa labari in ya daɗe a bakin mutum sai ya yi ƙiba. Wata la'asar tsakar gida ta cika da dangi, Goggo na kishingiɗe a tabarma ido rufe, na tabbata barci take, kuma ko ba barci ba ai kurma ce. Na gyara zama na ba da shi tun daga man gyaɗa har babura, na ɗan tsallake wajen toshe baki, na rufe da cewa ni kaɗai, da tsufana, na fitar da tsohuwar nan daga Mubi a baro. Mata suna ta sannu Baba, Allah ya saka.

Goggo ta buɗe ido ɗaya.

"Tura baro kam ka tura, ban hana ka ba. Amma da na yi shirun da kake so, da kai ne a cikin baron, ni kuwa ba ni da ƙarfin turawa."